Jan Layin Yaya

Allah da Ya ba mu Yaya Ya karɓi abinSa a tsakiyar damina. Daga gare Shi muka fito, kuma can za mu tarar da wanda ya riga mu.

Mun yi zaman makoki a ƙofar gidansa da ke Yelwa, a gindin darbejiyar da yake shan iska. Jama'a sun zo iri-iri. Masunta sun zo da ƙarnin kifi a hannuwansu. Mata masu albasa sun tsaya daga nesa suna share ido da bakin mayafi. Wasu Kambari daga tudun Ngaski, waɗanda ba addininmu ɗaya ba, sun sauko suka cire huluna suka zauna a gefen tabarma shiru. Wani tsohon abokin aikinsa ya zo daga Legas, ya kasa zaman ƙasa sai da aka nemo masa kujera. Shi ne ya ce, "Mutumin nan ya tuƙa jiragen manyan kamfanonin duniya guda biyu, kowa a cikinmu yana da wanda yake zagi, shi ban taɓa jin ya zagi ɗaya ba." Wani ɗan kasuwa daga Shanga kuwa, da ya shafa fatiha sai ya karkata wajen na kusa da shi ya ce, ba da ƙarfi ba amma na ji, "Allah Ya jiƙansa, sai dai buhunan shinkafata sun sha rana a bakin ruwa saboda shi."

Ni kuma ana yi mini gaisuwa ana kawar da kai. Na san dalili. Ni ne ƙaninsa ciki ɗaya. Jirgin ruwana ne ya ɗauki gawarsa zuwa tsallake. Amma ba a binne shi da ni ba. Kawu, ƙanin Innarmu, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, yana zaune kafaɗa da kafaɗa da ni har aka naɗe tabarmi bai ce mini uffan ba. In Kawu ya yanke cewa na wulaƙanta ɗan'uwana, to haka zuri'armu za ta riƙe maganar har bayan raina. Shi ya sa na ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi haƙuri da ni. So nake a san Yaya. Wanda ya san shi zai gane abin da ya faru a bakin ruwa ranar.

A gungu aka haife mu, tsakiyar kogi. Kawu ne ya kai mu makaranta a Yelwa, Yaya ya zauna, ni na gudo na koma wa jirgi da filafili. Lokacin da ruwan madatsar Kainji ya cinye tsohon gungunmu aka mayar da mu sabon gari a tsallake, shi ya riga ya gama koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. Inna kan ce, "Ɗaya ya hau iska, ɗaya ya hau ruwa, ba wanda ya bar mini ƙafarsa a ƙasa." Ya daɗe yana tuƙa jiragen fasinja ƙirar Amurka. Daga baya ya sami aiki a ƙasar Larabawa, can aka sa shi ya koyi sabon jirgi ƙirar Turai. A shekarun farko na jihar Kebbi likita ya ce idonsa na hagu ya soma rauni. Bai yi gardama ba, ya tattara kayansa ya dawo gida.

Ya dawo da halaye masu ba mutane dariya. Ba ya shiga mota sai ya kewaye ta ya duba tayoyi. Ko babur za a goya shi, sai ya matsa birki da hannunsa tukuna. 'Yan acaɓa in sun hango shi sai su ce, "Ga mai binciken lafiya nan." Da hantsi yakan sauko bakin ruwa ya zauna a bencin mai shayi, ya sha baƙin shayi babu sukari, yana kallon gabas, don daga can hadari ke taso mana.

A bencin nan aka fi matsa masa da tambaya ɗaya. Wani malamin makaranta da ke zama da mu shi ke tayar da ita kullum, kamar ana musun 'yan dambe.

"Kyaftin, yau dai ka faɗa mana gaskiya. Na Amurka da na Turai, wanne ya fi?"

Yaya ya ajiye kofi. "Malam, kai dai ba ka gajiya. To saurara. Na Amurka sitiyarinsa yana gabanka kamar ƙahon sa. In ka ja shi, nauyin jirgin gaba ɗaya za ka ji a kafaɗarka. In ka nufi kai shi inda bai kamata ba, sai sitiyarin ya kama rawa a hannunka, yana ce maka ka yi hankali. Amma in ka dage, zai bi ka. Ƙani ne mai ladabi. Zai ce, Yaya, ga rami. In ka ce a tafi, sai ya bi ka."

"Ka ji jirgi!" in ji ni.

"Kai ka yi shiru, ba a zo kanka ba. Na Turai kuma ba shi da sitiyari. 'Yar sanda ce a gefenka, ba ta kai rabin muciya ba. Gabanka teburi ne, ka jawo shi ka ci tuwonka. In ka motsa sandar ba fiffike ka motsa ba, saƙo ka ba kwamfuta, ita za ta duba ko abin da ka nema mai yiwuwa ne. Ka ce ya karkata fiye da kima, zai karkata iya inda aka yarje masa ya tsaya. Ka ja har hannunka ya yi ciwo, ba zai ƙara ba. Wannan Inna ce. Ta ji ka sarai, ta kuma san abin da ba za ta bar ka ka yi ba."

Malamin ya ce, "To ai wannan raina direba ne."

"Haka na ce da aka fara kai ni koyonsa. Na ce furfura ta fito mini a sama, yanzu akwati ne zai hana ni? Amma ka yi doguwar tafiya da shi ka sauka, kafaɗarka ba ta san ka yi aiki ba. Ɗakin tuƙin ga fili ga shiru. In ka iya ɗaya ka kusa iya 'yan'uwansa duka." Ya kurɓi shayi. "Sai dai akwai abin da na yi kewa. A na Amurka, sitiyarina da na mataimakina a haɗe suke. In ya ja, nawa ya motsa. Ba sai ya yi magana ba, a tafin hannuna nake jin ko tsoro ya kama shi. Totur ma, wato hannun ba inji wuta, in jirgin ya ƙara wa kansa wuta, kana gani yana tafiya. A na Turai kowa da sandarsa, tawa ba ta san abin da tasa ke yi ba. Dole ka buɗe baki."

"To wanne ya fi?"

"Ka faɗa mini wane direba ne, wace rana ce, da kuma wa ke zaune kusa da shi."

Aka yi dariya aka ce ya sake zillewa. Ni dai na tsaya a kan bakana. Na ce jirgin da ba ya jin maganar direbansa, a sassaƙa shi a yi turmi. Yaya ya dube ni da idonsa mai kyau, ya ɗauki kofinsa.

Wanda bai taɓa riƙe jirgin ruwa ba yana zaton kwaɗayi ne ke sa mu yin lodi fiye da kima. Akwai wannan, ban musa ba. Amma abin da ya fi cika mana jirgi kunya ce. Jirgi ya cika, ka kunce igiya, sai ga ƙawar Innarka tana tafe da tulu a ka. Ka ce mata me? Ga limamin garinku. Ga wanda ya yanka maka ragon suna. Kowa cewa yake, "Ni kaɗai ne, ɗan nan, ba ni da nauyi." Kuma gaskiya ne, kowa shi kaɗai ne.

Wata ranar kasuwa Yaya ya bi ni tsallake. Mun cika, sai ga surukina, uban matata, da buhunan gero da akuya. Na durƙusa na gaishe shi, na sa aka loda. Ruwa ya rage kaɗan ya taɓa bakin jirgi. Muka haye lafiya, kamar yadda muka saba hayewa.

Washegari da babu kasuwa ya zo da gwangwanin jan fenti. Ya kira masu dako da masunta ya ce su shiga jirgina ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in tayar da inji mu ɗan zagaya. Duk in an ƙara mutane sai ya tambaye ni, "Yaya kake jin shi a hannunka?" In ce lafiya lau. A ƙara. "Yanzu fa?" Har muka kai inda na ce, "Nan ya fara nauyin juyawa. In iska ta taso ba zan so haka ba." Ya sa aka rage mutane har na ce ya dawo mini daidai. A nan ya durƙusa ya sa alama a inda ruwa ya tsaya. Da aka jawo jirgin tudu ya ja layi ja daga goshi har gindi, hagu da dama.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

"Layinka ne. Ba nawa ba ne. Kai ka faɗe shi da bakinka, ranar da surukinka ba ya tsaye a gabanka. Ka zaci kwamfutar Turawan nan daga sama ta faɗo? Matuƙa da maƙera ne suka zauna ranar da hankalinsu ke kwance, suka ce iyakar nan ce, don ranar da hankali zai tashi."

Daga nan ya mai da bakin ruwa wurin aikinsa. In layi ya nutse sai ya miƙe da sandarsa. Doka ɗaya ce: wanda ya shiga ƙarshe shi ke fita farko, ko wane ne. In mutum ya juyo kaina da faɗa, sai Yaya ya shiga tsakani ya ce, "Ba direba ya hana ka ba, layi ne. In zagi ne ga ni nan." Ya sha zagi kuwa. An ce masa Bature, an ce ya zo da dokar sama ƙasa. Amma wanda aka sauke ba ya barinsa shi kaɗai. Zai zauna da shi ya saya masa shayi, ya tsare masa kaya har in dawo sawu na biyu. Akwai wata tsohuwa Bakambara mai tukwane da ya taɓa saukewa, ta zauna tana kuka don rana za ta yi mata. Shi ya ɗauki tukwanen nan da kansa ya kai inuwa, ya zauna yana koya mata yadda jirgin sama ke tashi, ita kuma tana yi masa dariya tana cewa ƙarya ne. 'Ya'yanta ne suka zo gaisuwa suka cire huluna.

Ya kuma kawo mana wata al'ada ta matuƙa. Ya ce a sama, in mutum zai bar wa ɗan'uwansa tuƙi, sai ya faɗa da baki, "Na ba ka." Ɗayan ya amsa, "Na karɓa." Ba a sakin hannu sai an ji amsa. Ya so mu riƙa yin haka ni da babban ɗana, wanda ke aiki tare da ni tun kafin ya yi aure har ga shi da 'ya'yansa. Na yi dariya na ce ai ni ba na bayarwa, balle a karɓa. Ɗan nawa yakan riƙe inji a inda ruwa ke kwance, amma wajen kututturan itatuwan da tafki ya binne, ni ne.

Rigimarmu ta zo ne ta kan surukina. Wata rana shi ne na ƙarshen shiga, layi ya nutse, Yaya ya ce ya sauko. A gaban jama'a. Tsohon ya sauko a fusace, ya ce tunda yake ba a taɓa yi masa haka ba. Da na koma gida matata ko ruwa ba ta miƙo mini ba. Da safe na ɗauko kwaltar da muke toshe jirgi da ita, na shafe layin nan kaf, Yaya yana zaune a benci yana kallo.

Na ce, "Je ka yi wa jiragen sama doka. Nan ruwa ne, a cikinsa aka yanke mini cibiya. Kai da bakinka ka ce ka yi kewar jirgin da ke bin direbansa."

Ya ce, "Na ce."

Ya tashi ya tafi. Mun daɗe ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Kwanakin nan su nake tunawa yanzu in ji kamar in dawo da su in zauna kusa da shi a bencin.

Ranar wata kasuwar albasa sai ga shi ya zo ya shiga jirgin kamar kowane fasinja. Lodi ya yi lodi. Ya ratsa ta kan buhuna ya zauna kusa da ni a gindin inji.

"Me ka zo yi?" na ce.

"Yau ni ne ƙani mai ladabi. Na ce maka ga rami. Tunda ka ce a tafi, mu tafi."

Mun kai tsakiya, daidai inda kututturai suke, iska ta taso. Ba wata babbar iska ba ce, na ga wadda ta fi ta sau da yawa. Amma da na tura hannun inji don in fuskanci igiyar ruwa, jirgin ya yi mini kamar jakin da aka labta wa kaya. Ya juya, amma a makare. Igiya ta farko ta zubo ciki. Mata suka sa salati. Ɗana yana kwasar ruwa da ƙwarya, ta biyu ta zubo. Sai na ji hannun Yaya a kan nawa. Bai ja ba, bai tura ba, ya dai ɗora.

Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Hannunka yana rawa. Faɗi abin da ka san ya kamata."

Na ɗaga murya na ce a zubar da albasa. Masu kaya suka yi ca. Na sake faɗa, da muryar da ban san ina da ita ba. Buhuna suka bi ruwa, jirgin ya ɗago, ya dawo hannuna. Muka fita ba wanda ya rasa ransa.

A gaɓa muka zauna a kan yashi, rigunanmu sharkaf. Can ya ce, "Ina ƙaramin mataimaki, mun zo sauka cikin ruwan sama da wani kyaftin da a shekaru ya haife ni. A sitiyarina nake jin yana yin ƙasa da wuri. Na sani, hannuna ya sani. Amma bakina ya ƙi buɗuwa. Ba ƙasar nake tsoro ba, furfurarsa nake jin nauyi. Sai da na hango kan itatuwa na ce na karɓa, na ja muka koma sama. Jirgin ba shi da laifi, duk abin da aka ce masa shi ya yi. Ni ne kunya ta kusa kashewa, da mutanen da ke bayana." Ya matse hularsa. "Da ni ne maƙeri, da na ɗauko haɗaɗɗen sitiyarin wancan na gama da taurin kan wannan. Tunda ba ni ba ne, sai na saya maka fenti."

Ni na kankare kwaltar da hannuna. Jan layin yana nan a ƙasanta.

Yaya ya rasu da safe, bayan gajeriyar jinya. Ya sha faɗa a gaban kowa cewa kusa da Inna yake so a kwantar da shi, a sabon garinmu na tsallake. Aka yi masa wanka da sutura, aka yi salla a Yelwa, aka sauko da makara bakin ruwa. Ranar kasuwar Wara ce, jiragen inji duk sun gangara can, nawa kaɗai ya rage. Gabas kuma ta soma yin baƙi. Gawa ba ta jira, hadari ma haka.

Aka shimfiɗa makarar a tsakiyar jirgi. 'Ya'yansa suka shiga, liman ya shiga, sai jama'a suka biyo baya. Wa zai hana mutum ladan raka gawa? Masu dakon da ya sha saya wa shayi, malamin makaranta, surukina da ya daɗe da hucewa, maƙwabta, kowa yana cewa a matsa. Na ƙarshe Kawu ne, saboda ƙafarsa. Mutum biyu suka ɗaga shi suka zaunar da shi kusa da kan makara.

Ɗana ya leƙa gefe, ya matso kusa da kunnena. "Baba, layi."

Na leƙa. Babu ja ko kaɗan, ruwa ne kawai. Na waiga bencin mai shayi, kamar zan ga mai miƙewa da sanda. Mai sandar kuwa yana nan kwance a gabana cikin likkafani.

Wanda ya shiga ƙarshe shi ke fita farko. Kawu ke nan. Mutumin da ya goya Yaya ya kai shi makaranta. Na duba fuskokin da ke cikin jirgin, duk wanda na gani ko ya girme ni, ko yana da wani haƙƙi a kaina, ko kuma ɗan mamacin ne. Na buɗe baki na ce, "Jama'a, a taimaka a rage." Kowa ya dubi na kusa da shi. Ba wanda ya motsa.

Kawu ya buga sandarsa a katako. "Mi kake jira? Hadarin kake jira shi iso? Tada inji!"

"Kawu, layi ya nutse."

"Mai layin ga shi nan kwance. Yau ma sai an yi muna wannan? Ka kai ɗan'uwanka makwancinshi!"

Wasu suka ce gaskiya ne, Allah zai kiyaye, albarkar gawa. Iska ta fara kaɗa bakin likkafanin. Hannuna yana kan inji, kuma na ji shi yana rawa kamar ranar albasa, sai dai yau babu hannun da zai hau kansa. Ba zan iya sauke Kawu ba. Ba zan iya ɗaukar Yaya a jirgin da layinsa ke ƙarƙashin ruwa ba. Mutum ɗaya ne kawai a jirgin nan nake da ikon saukewa ba tare da na ci mutuncin kowa ba.

Na dubi ɗana na ce, "Na ba ka."

"Baba?"

"Na ce na ba ka."

Ya dube ni, ya dubi gabas, ya dubi makara. Ya ɗora hannunsa a kan inji kusa da nawa. "Na karɓa."

Sai da na ji amsar na saki. Na tsallaka gefe na dira cikin ruwa har gwiwa, na taka na fita tudu, na juyo na tsaya.

Nauyina ni kaɗai bai isa ya ɗago jirgi ba, na sani. Amma sai na ga surukina ya miƙe. Ya ce, "Ƙaninsa yana tudu, ni ina zaune a matsayin wa?" Ya sauko. Malamin makaranta ya biyo shi. Masu dako suka biyo, maƙwabta suka biyo, kowa kansa a ƙasa. Kunyar da ta saba cika mini jirgi, ranar ita ta sauke shi. A hankali ja ya fara bayyana a gefen katako, har ya fito daga goshi zuwa gindi.

Liman ya ce, "To Alhamdu lillahi, ga wuri ya samu. Shigo mu tafi."

Ƙafata ta so zuwa, Allah Ya sani. Amma mutanen nan saboda ni suka sauka. In na sa ƙafa ɗaya, bayana za su biyo, kuma ba ni da bakin hana su. Na ce wa ɗana, "Ka bi ta hagun kututturai. Tafi."

Kawu bai ko dube ni ba.

Suna tsakiyar ruwa hadarin ya sauko. Muna tsaye a gaɓa ruwan sama ya rufe mana su, ba jirgi ba tsallake, sai fari kawai. Ba wanda ya nemi mafaka. Ɗana, da wana, da Kawuna, duk suna cikin abin da ba na gani, hannuna kuma babu komai a cikinsa. Ban taɓa sanin haka Inna ke ji ba sai ranar. Sai da yamma ta yi muka jiyo ƙarar inji. Na ƙirga kawuna da ido tun daga nesa, duk suna nan, ban da wanda aka kai. Ɗana ya ce igiya ta yi ta dukansu, amma duk inda ya tura jirgin yana zuwa. Ba zan ce da ba mu sauka ba da sun nutse ba. Allah kaɗai Ya san wannan. Abin da na sani shi ne ban zuba wa Yaya ƙasa ba.

Har nan na rubuta na ajiye biro, don ban san yadda zan ƙarasa ba. Sai bayan 'yan kwanaki, wata safiya ina gyaran igiya, na ga Kawu yana gangarowa da sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya bi gefen jirgin yana dogarawa, daga goshi har gindi, kamar yadda Yaya ke kewaya mota. Ya taɓa layin da bakin sanda.

"Fentin ga ya koɗe."

"Ya koɗe, Kawu."

"To ka sake shi, mi kake jira? Ɗaga ni."

Na ɗaga shi na zaunar. Ɗana ya tuƙa mu, mu uku kawai. Muka isa maƙabarta, Kawu a gaba. Ya nuna mini sabon tudun ƙasa kusa da na Inna, an jera masa ƙaya. Muka yi addu'a. Da muka shafa, ya daɗe yana kallon ƙasar, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ranar nan sau biyu na ɗebi ƙasa na zuba. Ɗaya tawa. Ɗaya taka ce."

Allah Ka yi wa Yaya sauka mai taushi. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka haɗa shi da Inna a inuwar da ba ta gushewa. Mu da muka rage a gaɓa, in lokacinmu ya yi, Ka haye da mu lafiya.